Na'urar Ta Ƙi Yatsuna

Na'urar cibiyar biza ta ƙi yatsuna karo na biyu ranar Talata da safe. Duka goma aka ɗora mata, ba ta karanta ko guda ba. Matar da ke kan na'urar ta rufe fayil ɗina, ta ce za a tura wa ofishin jakadanci su yanke hukunci, kuma ba ta san ranar da za su amsa ba. Asibitin da ya ɗauke ni aiki a ƙasar waje zai riƙe min gurbina zuwa ƙarshen watan nan ne kawai.

Masu turo min saƙo suna tambaya ko na fara haɗa akwati, amsarku ke nan. Abin da ya rage shi ne in gaya muku yadda aka yi, da wani abu da har yanzu ban faɗa wa kowa a gidanmu ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni a shafin nan: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har a wurin aiki. Shekarata ashirin da shida. Aikina wanke kayan tiyata a wani asibiti. Idan likitoci sun gama, sai a turo mana almakasai da hantsaki da ƙananan wuƙaƙe a kan tire, mu jiƙa su a ruwan sinadari, mu goge da buroshi, mu ɗauraye, mu naɗe, mu sa a tukunyar tururi. Ɗakinmu a can ƙasan bene yake, babu taga, sai fitila fara da ƙugin injin.

Sista, shugabar ɗakin, ita ta koya min aikin. Doka ta ce a sa safar hannu, kuma muna sawa wajen wanki. Amma kafin a naɗe, Sista takan cire safa ta bi kowane almakashi da tsirarar yatsa, musamman mahaɗinsa, inda jini ke maƙalewa ya bushe ido bai gani ba.

“Safa ba ta jin komai,” ta ce min tun makon farko. “Cire ki taɓa.”

Haka kowa ke yi a ɗakin. Shekara biyar ina bin jiƙaƙƙen ƙarfe da kan yatsuna, da sauran sinadari a jikinsa. Wayata ta daɗe da daina gane babban yatsana, na ɗauka ita ce ta tsufa.

Asibitin wajen sun yi min tambayoyi ta bidiyo, suka aiko da takardar ɗauka: shekara biyu, da ɗakin kwana, da horo a kan injinan da a nan sai a hoto muke ganinsu. Biza kaɗai ta rage.

Sai kuma maganar Likita.

Ba likita ba ne. Kantin magani gare shi a bakin titinmu, Yaya ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, sunan ya bi shi har Baba ma haka yake kiransa. Dogo ne, yana magana a hankali, rigarsa kullum a goge, da biro biyu a aljihun gaba. Shekara biyu yana nemana. Ina son shi. Na faɗa tun yanzu don kada wata ta rubuto min cewa dole ake min.

Da takardar ɗauka ta zo, Baba ya kira mu falo, ni da shi, Umma na tsaye a bakin ƙofar kicin da tawul a kafaɗa.

“Ba zan riƙe ɗan mutane babu iyaka ba,” in ji Baba. “Idan biza ta fito kafin su rufe gurbin, ki je ki yi shekara biyunki, shi ya ce zai jira. Idan ba ta fito ba, a tsayar da rana, a daina maganar waje a gidan nan. Kin yarda?”

“Na yarda, Baba.”

“Kai fa, Likita?”

Ya sunkuyar da kai. “Duk wanda ya fi zama alheri, Baba.”

Na amsa da sauri ne saboda takarduna sun cika. Fasfo, gwajin lafiya, shaidar aiki, babu wanda ya rage. Ɗaukar zanen yatsa ko a lissafi ban sa shi ba. Wa ke faɗuwa a ɗora yatsa?

Ranar farko da na je ɗora yatsun na sa doguwar riga ruwan toka da farin mayafi, da takalmi mara tsini saboda layi. Yaya ya kai ni a motarsa. Cibiyar tana hawa na uku a wani gini mai gilasai. A ƙofa aka karɓe wayata aka ba ni lamba. Kujerun ciki a haɗe suke da juna, sanyi ya yi yawa, kowa ya rungume fayil ɗinsa a ƙirji yana kallon allo. Da lambata ta fito na shiga wani ɗan ɗaki mai kujera biyu. Matar da ke ciki za ta yi sa'ar Umma, tabarau ɗinta na rataye da sarƙa. Gabanta wani ɗan akwati ne mai fuskar gilashi.

“Hannun hagu, huɗu tare.”

Na ɗora. Jar fitila.

Ta goge gilashin. “Sake. Kada ki danna da ƙarfi.”

Jar fitila.

Ta ba ni jiƙaƙƙen tishu. Ta ce in hura musu iska. Ta ce in goga su a goshina su ɗauki maiƙo. Muka koma ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe uku suka fito: ƙananan yatsun biyu, da na zobe na hagu. Sauran bakwai a allonta kamar an dangwala ɗanyen dankali a toka.

Ta sa tabarau, ta juya tafin hannuna sama. “Wane aiki kike yi?”

Na gaya mata.

“Ku ne, da masu gini, da masu wanki,” ta ce. “Zanen ya goge. Ki je ki hutar da su, zan ba ki wata rana. Amma ki sani, sau biyu kawai muke gwadawa a nan.”

A mota Yaya ya yi ta dariya har ya kusa wuce kwanarmu.

“To ai kin samu sana'a, Auta. Ki shiga sata kawai, babu mai kama ki.”

Umma ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuwana ta kai su bakin taga, ta juya su gaba da baya.

“Hannun budurwa kamar na mai fasa dutse,” ta ce. “Ni ina gidan nan ban lura ba.”

Ya kamata ku san Umma ta fi ni son tafiyar nan. Tana budurwa ta taɓa samun gurbin karatun ungozoma a wani gari, aka ce ta bari sai bayan aure, bayan auren kuma Yaya ya zo, ni na zo. Ba ta cika ba da labarin ba. Amma ita ta sayo babban akwatin da ke bayan ƙofata, ita ta samo rigar sanyi mai kauri wajen masu gwanjo ta wanke ta sau biyu, ita ta gaya wa duk matan layinmu cewa autarta za ta hau jirgi.

Goggo, ƙanwar Baba, ita tana ɓangaren Likita, ba ta kuma ɓoyewa. Tana zaune tana ɓare lemo ta ce, “Ni ban ga abin da ke can wanda babu a nan ba. Almakashi ne a nan, almakashi ne a can. Sai ƙarin sanyi.”

“A can ba a biyan mutum da sannu da aiki,” in ji Umma.

“A nan kuma ga miji a bakin titi, ko mota ba sai an hau ba.”

Daga ranar Umma ta kafa doka. Ba wanki, ba wanke-wanke, ba shara, ba yanka albasa. Ko murfin kwalba na kama sai ta ce, “Ajiye.” Yaya ya riƙa buɗe min ƙofa yana rusunawa, yana ce min ranki ya daɗe. A wurin aiki Sista ta cire ni daga kan wanki ta mayar da ni bakin ƙofa, ina karɓar tire ina miƙa tire, da safa biyu a kowane hannu.

Likita ya zo da yamma washegarin ranar farkon. Muka zauna a baranda kamar kullum, shi a kujerar roba, ni a kan dakali. Ya ce in buɗe tafin hannuna ya gani. Bai taɓa ba, ya dai haska da fitilar wayarsa ya daɗe yana kallo.

“Kanta ce,” ya ce. “Ita ta rufe zanen. Idan fatar ta yi laushi zai fito.”

Ya ciro wani mai daga aljihu, irin wanda ake matsowa, fari mai koren murfi. Babu kwali. Rubutun jikinsa da wani harshe ne da ban iya ba.

“Safe da yamma. Ki murza sosai a kan yatsun, kada ki yi masa rowa. In za ki kwanta ki sa safa a kai.”

“Nawa ne?”

“Ki bari sai kin fara ɗaukar albashin can, in turo miki da lissafi.”

Na yi dariya. Na ce, “Kana taimaka min in tafi in bar ka.”

“In kin tafi za ki dawo. In kin zauna da baƙin ciki, ni zan zauna da shi.”

Wannan maganar na rubuta ta a nan a lokacin. Wasunku suka ce in yar da bizar in riƙe mutumin. Wata ta tambaya ko yana da ƙane.

Tun daga nan kullum sai saƙonsa ya shigo sau biyu, kafin ya buɗe kanti da bayan ya rufe.

“Kin shafa?”

“Na shafa, Likita.”

“Duka goma?”

“Duka goma.”

“Yawwa, majinyaciyata.”

Man ba shi da ƙamshi, sai ɗan warin da ke hawa hanci. Cikin kwanaki hannuwana suka sauya. Kantar ta tafi. Fatar kan yatsun ta riƙa saɓulewa siriri kamar ɓawon albasa, ta ƙasa ta fito ja-ja tana sheƙi. Umma ta ji daɗi har ta kira maƙwabciyarmu ta zo ta gani.

“Taɓa ki ji. Kamar na jariri.”

Kofin shayi ya fara ƙona ni tun bai kai zafin da na saba ba. Kofin gilashi ya suɓuce min sau biyu, ɗaya ya fashe. Na rubuta wa Likita cewa yatsun na ɗan yi min zafi idan na shafa.

“Alamar yana aiki ke nan,” ya amsa. “Ki daure, saura kaɗan.”

Na daure. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, akwai likitocin fata a hawa na biyu a ginin da nake aiki, ban hau ba. Hannun ya yi kyau, kowa ya ce ya yi kyau, wanda ya ba ni man kuma magani ne sana'arsa.

Ranar Talata na maimaita rigar nan ruwan toka. Umma ta hana ni ɗaukar jaka da hannu, ta rataya min ita a wuya. Ta raka ni har mota tana riƙe da gwiwar hannuna kamar mai ɗauke da ƙwai. Matar nan mai tabarau na sake samu, ta kuma gane ni.

“Mai almakashi. An huta?”

“An huta.”

“To bismillah. Hagu, huɗu tare.”

Jar fitila. Ta goge. Jar fitila. Muka yi tishu, muka yi goshi, muka yi ɗaya bayan ɗaya. Ta fara da ƙaramin yatsa, wanda ya fito wancan karon. Allon ya nuna farin fili, da ɗan duhu a gefe.

Ta cire hannunta daga kan kwamfuta. “Me kika yi musu?”

“Mai na shafa.”

“Wancan karon uku sun fito. Yau babu ko ɗaya. Kamar gilashi nake ɗorawa a kan gilashi.”

Na ce ko za a gwada da tawada a takarda. Ta ce sun daina tun kafin ta fara aiki a wurin. Na ce ko za ta ɗauki ukun farko ta haɗa. Ta ce kwamfutar ba ta ajiye rabin aiki. Na ce gurbina zai rufe ƙarshen wata. Ta juyo da allon ta nuna min wani maɓalli da ya dusashe.

“Kin ga wannan? Shi ke buɗe shafi na gaba. Sai ya ga yatsu yake kunnuwa. Ni ba ni da ikon tsallake shi, shugabana ma ba shi da shi. Ki kawo takardar likita a haɗa da fayil ɗin, su can su duba ko za su yafe miki.”

“Suna yafewa?”

“Wani lokaci.”

“Yana ɗaukar kwana nawa?”

“'Yata, da na sani da na gaya miki.” Ta danna ƙararrawa, lamba ta gaba ta fito.

Ban koma gida ba. Na ce wa Yaya ya sauke ni a asibiti in nemo takardar likitan. Wannan karon bai yi tsokana ba, ya dai ce in kira shi idan na gama.

Na fara sauka ɗakinmu. Sista tana ɗakin canza kaya, ta zauna a benci tana cin burodi. Ta kalli fuskata, ta matsa min wuri. Na zuge jaka in ciro takardar da cibiyar ta ba ni, man ya faɗo ya gangara gaban takalminta. Ta ɗauka.

“Ke ma kaushi gare ki, da ƙuruciyarki?”

“Na hannu ne, Sista.”

“Wane hannu?” Ta ajiye burodin. Ta cire takalmi ɗaya ta ɗaga min diddigenta. “Kin san yadda ƙafar nan take bara, har zanin gado take kamawa. Wannan man ne ya cinye kaushin. Irinsa sak, har koren murfin. Ni da safa nake shafa shi, don wanda ya sayar min ya ce kada in bari ya zauna a hannu.”

Ta jawo hannuna ta duba. 

“Tun yaushe?”

“Tun washegarin ranar farko. Safe da yamma.”

“Wa ya ba ki?”

Na ce wani ne. Ta san ko wane ne, ya sha zuwa ɗaukata a bakin get ɗin asibiti. Ta mayar da takalminta, ta ce in tashi mu hau sama.

Likitar fata matashiya ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Ta duba yatsun da madubin ƙara girma, ta karanta jikin man, ta ce aikinsa narkar da matacciyar fata mai kauri, kuma ba ya bambance kanta da zane, duk abin da ke sama ɗauka yake.

“Zanen bai mutu ba,” ta ce. “Tushensa na ƙasa, zai dawo. Ki daina shafa wannan yau.”

“Yaushe zai dawo?”

“Wata ɗaya, wataƙila biyu. Da hutawa kawai kika yi da yanzu an ga sauyi.”

Tana rubuta takardar ta ƙara da cewa, “Mutane da yawa na yin kuskuren nan. Da sun ga kanta sai su ce a cire ta.”

Na riƙe wannan maganar. Har yanzu ina riƙe da ita.

Na mayar da takardar cibiya, aka karɓa a ƙofa, aka ba ni lambar da zan riƙa dubawa a shafinsu. Na rubuta wa asibitin waje na bayyana komai, na haɗa da hoton takardar likita. Amsarsu ta zo kafin in iso unguwarmu, layi biyu: sun tausaya, amma akwai wasu a jerin jira, ba za su iya wuce ƙarshen wata ba.

Na sauka a bakin titi, gaban kantin Likita.

Kantin ɗaki ɗaya ne, da kantar gilashi, da firji ƙarami, da fanka a bango. Na san shi kamar ɗakina. Magungunan tari a hagu, na yara a tsakiya, na shafawa a dama, a shiryayye na sama. Yana cikin ƙirga wa wata mata ƙwayoyi a ɗan leda. Da ya gan ni ya sallame ta da sauri.

“Na kira wayarki a kashe. Yaya aka yi?”

“Ta ƙi.”

“Duka?”

“Duka goma.”

Ya dafa kantar gilashin da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. “Innalillahi. Sannu, Auta. Wallahi na sa rai.” Ya jawo min kujera, ya buɗe firji ya ciro ruwa, ya buɗe min murfin da kansa. Idanunsa sun yi ja. Na duba sosai, sun yi ja.

Na yi niyyar in ajiye man a kan kantar in tambaye shi kai tsaye. Hannuna har ya shiga jaka. Abin da ya fito daga bakina daban ne.

“Umma ta ce in karɓo mata maganin kaushi. Diddigenta ya tsage.”

“Ba damuwa.”

Ya juya, ya ɗaga hannu zuwa shiryayyen sama. Akwai su a jere, farare masu koren murfi, cikin kwalayensu, hoton ƙafa a jikin kowane kwali. Hannunsa ya nufe su kai tsaye, irin na wanda ya saba. Ya kusa taɓawa sai ya tsaya. Bai daɗe ba, kamar a ja numfashi ɗaya. Sannan hannun ya gangara shiryayye na ƙasa, ya ɗauko wani a gwangwani mai shuɗin murfi.

“Wannan ya fi sauƙi ga manya,” ya ce. Ya sa a leda ya miƙo min. “Ki gaishe ta. Zan shigo anjima in yi wa Baba jaje.”

Abin da na gani ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Mai yiwuwa wancan ya yi wa masu shekaru ƙarfi da gaske. Mai yiwuwa a lokacin ne ya tuna abin da ya ba ni, ya gane kuskurensa, kunya ta hana shi magana. Mai yiwuwa kuma ya san abin da man ke yi tun ranar da ya cire shi daga kwali ya sa a aljihu. Tun jiya nake jera ukun nan ina sake jera su, babu wanda ya faɗi.

Kada ku ce in gaya wa Baba. Me zan ce masa? Hannu ya tsaya a iska? Idan na faɗa kuma ba haka ba ne, na ɓata mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba, bizar kuma ba za ta fito don na faɗa ba. Idan na gaya wa Umma, ba za ta tsaya jin mai yiwuwa ba, da mayafi a hannu za ta isa kantin. Idan na yi shiru wata ya ƙare, na riga na ce wa Baba na yarda, a gaban kowa.

Ya zo ɗin kamar yadda ya ce, da ledar ayaba. Ya zauna da Baba a falo suka yi maganar ƙaddara. Ni na ce kaina na ciwo. Ta bango ina jin Goggo tana cewa yaro mai hankali, ko ɗan cikinka sai haka. Umma ta shigo ɗakina da gwangwanin mai shuɗin murfi a hannu.

“Wannan fa? Ni na ce miki ina da kaushi?”

“Na ga kamar kina buƙata ne.”

Ta kalli diddigenta, ta kalle ni. Ta ajiye shi a kan akwati ta fita.

Yau Laraba. Da safe Baba ya tsaya a ƙofata zai fita, ya ce, “Ƙarshen wata suka ce ko?” Na ce eh. Ya gyaɗa kai ya wuce. Da hantsi Goggo ta dawo da ƙyallayen yadi kala huɗu, wai in duba kawai, ba wai an yanke komai ba. A kan akwatin ta jera su, kusa da gwangwanin. Umma ta kwashe ta mayar kan gado. Goggo ta sake mayar da su kan akwatin.

Da gaɓar yatsa nake buga muku wannan, kan yatsun ba sa son taɓa gilashi. Na buɗe shafin cibiyar na sa lambata kafin in fara rubutu, na sake sawa yanzu. Kalma biyu ce a wurin, ba ta sauya ba: ana dubawa.

Saƙon Likita na safe ya shigo a kan lokaci, kafin ya buɗe kanti. Ranar gwaji ta wuce, na'urar ta riga ta ƙi, babu sauran abin da za a shafa wa mai dominsa.

“Kin shafa?”

Ya ga na karanta. Ban amsa ba tukuna.